Farin Kabejin da Nasibo Ta Kai Kudu

Nasib Kaur, wadda kowa ke kira Nasibo, tana da shekara goma sha tara aka kai ta gidan Kartar Singh, a wani ƙauye gabas da Hoshiyarpur, inda ake hango duwatsu daga kan soro in gari ya washe. Gidan manoma ne. Suna da ɓauna biyu na gida da ake tatsa, da gonar alkama, da wani fili a bayan gida da ake cika shi da farin kabeji duk lokacin sanyi. Ta tashi cikin maza biyar, ba ta da 'yar'uwa mace ko ɗaya, ta kuma tarar da gidan miji haka: daga mijinta sai ƙaninsa Joga, sai surukarta da kowa ke ce wa Bibi, wato uwa a yarensu, mace mai ƙarancin magana da yawan kallo. Shekara huɗu Nasibo ta yi a gaban murhu ita kaɗai. Wani lokaci har ɓauna take yi wa hira, don kada bakinta ya yi tsami.

A shekara ta biyar aka yi wa Joga aure, aka kawo Mito, 'yar wani tela daga Fagwara. Yarinya ce mai dariya da baki buɗe, ba ta taɓa hura wuta da busasshen kashin shanu ba. Matan unguwa suka fara yi wa Nasibo jaje tun kafin a kwance kayan amarya. "An kawo miki facala 'yar birni, sai ki ɗaure ɗamara."

Kwana shida da zuwanta, Bibi ta turo mata kwandon farin kabeji ta ce ta gyara. Mito ta ɓantare furen tsaf, ta kwashe kara da ganye ta fita da su. Da ta dawo Bibi ta leƙa kwandon.

"Ina karan?"

"Na zuba wa ɓauna, Bibi."

A gidan nan kara shi ne miyar washegari, ba a taɓa zubar da ko ɗaya ba. Nasibo na tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Tsokanarki take yi, Bibi. Ni na ce ta ajiye mini a bayan ɗaki." Ta miƙe a hankali kamar ba komai, tana shan kwana ta arce da gudu. Ta tarar da ɓaunar ta cinye rabi. Sai da suka yi ja-in-ja kafin ta ƙwato sauran. Ta wanke shi ruwa uku, washegari ta dafa shi da citta da tafarnuwa da garin busasshen mangwaro, har ya yi laushin da za a tsotse a furzar da tauri.

Ana ci Bibi ta ce, "Yau karan ya yi kaɗan."

Joga yana tsotsa ya ce, "Amma fa ya yi wani ɗanɗano na daban. Me aka ƙara?"

Mito ta ƙware. Ta fita tana tari, Nasibo ta bi ta da kofin ruwa, suka tsaya bayan rijiya suna dariya marar sauti har hawaye ya zubo musu. Daga ranar Mito ta fara ce mata Yaya, kuma ba ta daina ba.

Shekara arba'in da ɗaya suka yi a kan murhu guda. Sun yi girkin zafi da na damina, amma in an tambayi Nasibo rayuwarta, na sanyi take ba da labari. In watan Poh na tsananin sanyi ya kama, hazo ya sauka har ba a ganin bishiyar ƙofar gida, ita ce mai shiga fili da wuƙa tun raɓa na daskare a kan ganye. Takan zaɓi kan da ya dunƙule, fari fat, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa. Ita ce mai gurzawa, ta matse ruwan a tsumma, ta haɗa da citta da ɗanyen barkono. Mito ce mai cusa shi a cikin kwaɓin alkama ta murza, don wannan gurasa da suke kira paratha ba ta taɓa fashewa a hannunta ba, ta Nasibo kuwa kullum sai ciki ya leƙo.

"Hannunki na tatsar ɓauna ne, Yaya. Ki bar wa masu fasaha."

"To mai fasaha, zo ki hura wutar mu gani, ba tare da kin ƙone gira ba."

Maza na zaune a kan gadon igiya lulluɓe da bargo, yara sun kewaye murhu da kwanukansu, kowace paratha na sauka daga kasko a ɗora mata dunƙulen man shanu ya narke ya gangara. Su biyun sai a ƙarshe suke ci, a tsugune, daga faranti ɗaya, gwiwa na taɓa gwiwa.

In rana ta fito da hantsi sai su hau soro. A can suke zira furen kabeji a zare da allura, su rataya ya bushe saboda watannin zafi. A can suke shanya na tsimi, shi da karas, kafin a juye su a tulu da man sarso, wato man ƙwayar mustad, da mazarƙwaila. A can ne kuma ake faɗin abin da ba a faɗi a ƙasa. Sau uku ciki na zube wa Mito kafin ta samu ɗanta Tarlok, kuma duk ukun a kan soron nan ta yi kukanta, kanta a cinyar Nasibo, zaren kabeji na lilo a samansu. Da Nasibo ta aurar da 'ya'yanta mata biyu, Mito ce ta riƙe ta a ƙofar gida don kada ta bi motar.

Bayan rasuwar Bibi, Kartar da Joga suka raba gona cikin lumana, suka ce za a ja katanga a tsakar gida kowa ya san nasa. Aka kira magini ya ja layi da toka. Mito ta fito ta dubi layin, ta dubi mijinta.

"Baban Tarlok, wa zai gurza mini kabeji? Kai?"

Aka gina katangar, amma aka tsayar da ita taku uku kafin murhu. An yi wa Mito nata sabon murhun a ɓangarenta. Kaji ne suka riƙa ƙwai a cikinsa.

Kartar ya riga su tafiya. Bayan shekara shida Joga ya bi shi. Tarlok, wanda ya yi karatun injiniya ya samu aiki a Chennai, can ƙarshen kudu a bakin teku, ya zo zaman makoki, ya ce ba zai bar mahaifiyarsa ba. Matarsa na aiki, ga 'yarsu ƙarama, ga ɗaki a shirye. Ba wanda ya ga laifinsa. Lokacin tsakiyar zafi ne, ana fama da ɗauke wuta da ƙudaje, sai tafiyar ta zo wa Nasibo kamar irin ta ganin gida.

"Da sanyi ya shigo zan dawo, Yaya. Kada ki bari a taɓa mini kaskona."

Sai da farin kabeji ya nuna Nasibo ta san abin da ya same ta. Safiyar farko ta yanko, ta gurza, ta matse, ta juya hagu da kwanon a hannu don ta miƙa. Ba kowa a wurin sai tulun ruwa. Ta daɗe riƙe da kwanon.

Ba wai an bar ta ba ne. Ɗanta Jarnail na nan yana noma, matarsa Rupi malamar firamare ce, mace mai ladabi. Rupi ta iya paratha sarai, takan yi goma a kan gas kafin shayi ya tafasa, ta zuba wa Nasibo nata, ta ɗauki jaka ta wuce makaranta. Abinci ba abin da ya rasa. Nasibo takan ci a zaune a kan kujera, ita da farantinta, ta gama cikin ɗan lokaci, sai ta rasa abin da za ta yi da sauran safiyar.

Ranar Lahadi Mito kan kira.

"Yaya, kin san me nake yi yanzu a tsakiyar Poh? Fanka nake sha. Gumi nake yi kamar mai nakuda."

"Ki yi ta sha. Mu nan ruwan bokiti ya daskare jiya."

"Wayyo, daskarewa! Ki ce mini hazo ya sauka."

"Ya sauka. Jarnail ya yi karo da ɓauna a tsakar gida, har ya ba ta haƙuri, ya ɗauka ni ce."

Sai su yi ta dariya, in an kashe wayar gidan ya fi ɗazu faɗi. Sanyin farko Mito ba ta zo ba, matar Tarlok ta yi rashin lafiya. Na biyu aka yi wa Mito aikin ido. Na uku ba ta ma faɗi dalili ba, ta ce, "Bana dai da wuya, Yaya," ta shiga wani zancen.

Nasibo ta kwana biyu tana juya maganar. A na uku ta tare Jarnail yana wanke ƙafa.

"Ka sayo mini tikitin jirgin ƙasa. Za ni wajen Mito."

"Bibi, kin san ina ne Chennai kuwa? Kwana biyu da rabi ne. Ke da ko Amritsar sai da muka riƙe miki hannu."

"Jirgin ne zai yi tafiyar, ni zama zan yi. Zama kuwa na ƙware."

"Ga shi ba zan iya barin ban ruwa ba yanzu."

"Wa ya gayyace ka?"

Rupi ce ta goya mata baya. Ita ta ɗinka mata aljihu a cikin riga, ta rubuta lambar Tarlok da manyan baƙaƙe ta maƙala mata da fil kamar 'yar makaranta. Safiyar tafiya Nasibo ta shiga fili da kanta, tana da shekara sittin da bakwai. Ta bi layi-layi, ta ƙi wannan ta ƙi wancan, har ta tsayar da huɗu. Ba ta yanke su ba, tumɓuke su ta yi da saiwa da ganye, ta naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Jarnail ya ce, "Bibi, a can ma fa ana sayar da kabeji." Ko kallonsa ba ta yi ba.

Yinin farko a jirgi kowa na dunƙule cikin bargo. Washegari da rana mutane suka fara tuɓe rigunan sanyi ɗaya bayan ɗaya. Alkama ta ɓace daga taga, ƙasa ta koma ja, rubutun tashoshi ya zama wasu zagaye-zagaye da ba ta taɓa gani ba. Duk ɗan lokaci sai ta jawo buhun daga ƙarƙashin kujera ta yayyafa masa ruwan shanta. Wani dattijo da ke fuskantarta ya kasa haƙuri.

"Baba, jinjiri ne a ciki?"

"Ya fi jinjiri rigima."

Da aka shiga yini na uku buhun ya fara magana da kansa. Wata mata ta toshe hanci da gefen zane tana harararta. Nasibo ta tura shi can ƙurya da diddige, ta zura wa taga ido kamar ba nata ba.

A tashar Chennai zafi ya mare ta tun daga ƙofar jirgi. Tana neman Tarlok a cikin taro sai ta ji an ƙwala, "Yaya!" Mito ce, ta yi ƙiba, kanta fari tas, da tabarau, cikin wata 'yar riga shara-shara. Suka rungume juna a tsakiyar hanya, 'yan dako na zagaye su suna mita.

"Yaya, kin tsufa!"

"Ke kuma rana ta soya ki kamar albasa."

Gidan Tarlok a hawa na tara yake. Ba a gama shan ruwa ba Nasibo ta kwance buhun a tsakiyar ɗaki. Biyu sun ruɓe sun yi ruwa. Biyun da suka rage sun yi rawaya da ɗigo-ɗigon baƙi. Mito ta fashe da dariya.

"Haba Yaya! Kika sha wannan wahala? Ga shi nan ƙasa a shago, rani da damina!"

Nasibo ta sunkuya. Ta fara tattara ganyen a hankali tana mayarwa cikin buhu. Dariyar Mito ta tsaya. Ta durƙusa da ƙyar, ta ɗauki ɗaya, ta juya shi ta wajen saiwa inda ƙasa ke maƙale. Ta ɓantari ƙasar ta murza a yatsa, ta kai hanci.

"Ta bayan gida ce," in ji ta. "Ta wajen magudanar ruwa."

"Ta nan ce. Can ne suka fi dunƙulewa."

Mito ta cire tabarau ta zauna daɓas a ƙasa. Tarlok ya ja 'yarsa suka ba su wuri.

Washegari da sassafe suka shiga ɗakin girki. Ɗan tsukukun wuri ne, a tsaye ake komai, in ɗaya za ta juya sai ɗaya ta matsa. Suka yanke wuraren da suka lalace, Nasibo ta gurza, Mito ta murza. Hannayensu ba su manta ba, kwano na tafiya yana dawowa ba sai an yi magana ba. Amma gumi ke tsiyaya daga haɓarsu, man shanu ya narke tun kafin a kai shi kan paratha. Suka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin fanka, suka ajiye faranti ɗaya. Mito ta ci ɗaya ido rufe. Ta ci rabin ta biyu, ta tsame hannu.

"Ba ta yi ba?"

"Ta yi, Yaya. Komai ya ji. Sanyin ne babu. Wannan abin sai yatsunka sun ƙage, ka riƙe ta ka ji ɗuminta tukuna."

"Shi ne ban samu buhun da zan zubo shi ba."

Mako uku Nasibo ta yi. An kai ta ta ga teku, ta tsaya daga nesa ta ce ya yi yawa. Abin da ya fi tsaya mata shi ne maƙwabciyar Mito, wata tsohuwa mai suna Valli, mai fure a gashi, da ke shigowa kullum bayan azahar ba ƙwanƙwasawa. Ba ta jin yaren Mito, Mito ma kalma ashirin kawai ta tsinta a nata, amma sai su zauna suna tsince shinkafa suna nune-nune da hannu, Mito na irin dariyar nan tata da baki buɗe. Nasibo ta sha ɗauka dariyar nan a gidansu kawai take fita. Ran nan Valli ta kawo nata farin kabejin, soyayye da kwakwa da wani ganye mai ƙamshi, ta tsaya tana jiran hukunci. Nasibo ta ɗanɗana. Ya yi daɗi, abin da ya ƙara ɓata mata rai ke nan.

"Ba laifi," ta ce.

Mito ta juya ga Valli ta ɗaga hannu biyu sama tana jinjinawa. "Na gaya mata kin ce ba ki taɓa cin irinsa ba."

"Maƙaryaciya."

Ana saura kwana biyu ta tafi, suna zaune a baranda da la'asar, iskar teku na kaɗa shanya, Nasibo ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Ki zo mu koma, Mito. Ɗakinki na nan, ina share shi. Ko rabin shekara ne ki riƙa yi."

Mito ta daɗe tana kallon motocin da ke ƙasa.

"Yarinyar nan ta Tarlok ni ke tarbarta daga makaranta. Uwarta ba ta dawowa sai magariba. Gwiwoyina kuma, kin san yadda suke yi mini a Poh, nan sun yi shiru." Ta goge tabarau da gefen riga. "Kuma Yaya, in na shiga tsakar gidan nan, gadon baban Tarlok zan fara gani. Ke kin iya zama da shi. Ni ban iya ba."

"Wa ya ce miki na iya?"

"Ba ranar da ba na tuna can. Wallahi ba ranar. Amma yanzu in na je can, nan zan riƙa tunawa. Sun raba ni biyu, Yaya, ban san lokacin da aka yi ba."

Nasibo ta so ta yi faɗa, ta nemi fushin ta rasa. Ta miƙa hannu ta gyara wa Mito gashin da iska ta barbaza, ta ce, "Wannan Vallin taki, ki gaya mata gishirinta ya yi yawa."

A hanyar dawowa, can tsakiyar ƙasa, sanyi ya fara shigowa ta ƙasan ƙofar jirgi. Mutane suka fara lalubo barguna. Nasibo ta ciro mayafinta na ulu ta yafa, ta zauna tana kallon alkama na dawowa taga kaɗan-kaɗan. Jarnail ya tarbe ta a tashar Jalandhar yana ta tambaya, ya teku, ya Tarlok, ya jikin inna Mito. Ta ce kowa lafiya.

Yau shekara huɗu ke nan da wannan tafiya. Mito ta zo sau ɗaya, bikin wata jikar Nasibo, amma a farkon zafi ne, fili ya riga ya zama kara, gida cike da baƙi, kwana huɗu ta juya. Ko soro ba su samu hawa ba. Nasibo ba ta iya shiga fili yanzu, Jarnail ke yanko mata, ta ƙwanƙwasa ta ce ya koma ya sake. Rupi ta koya mata yadda ake sa waya ta yi magana da ƙarfi, don haka ranar Lahadi in sanyi ya kama, takan jingina ta a jikin gwangwanin gishiri ta ɗora tukunya, kabeji da dankali.

"Man ya yi zafi?" in ji Mito daga can.

"Ya yi."

"To zuba, ki matso da ni kusa in ji."

Nasibo ta zuba, tukunya ta ɗauki ƙara, su biyun suka yi shiru suna saurare.

"Kin sa citta?"

"Tun kina goye nake sa citta."

"Wutar ta yi yawa, daga nan ina ji. Za ki ƙona shi."

"Zo ki rage."

Aka ji muryar yarinya a can tana kira. Mito ta ce, "Ina zuwa! Yaya, bari in ga abin da take so, yanzu zan sake kira."

Nasibo ta rage wutar, ta rufe tukunya. Ta jawo kujera kusa da wayar, ta cusa hannayenta cikin mayafi, ta zauna.